Ɗarin Kogin Binuwai: Wace Riga Ce Ta Dace Da Mai Tuƙi A Tsaye?

Duk wanda ya san Yola ya santa da zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, har kwalta ta yi laushi a titunan Jimeta. Amma fa daga Disamba zuwa Janairu, in hunturu ya sauko da hazonsa, labari yakan sha bamban, musamman a bakin kogin Binuwai da tafkin Geriyo. Kafin ladan ya yi kiran assalatu masunta sun riga sun tura kwale-kwale, masu fito suna jiran 'yan kasuwa, masu ɗibar yashi kuma suna shirin shiga ruwa. A wannan sa'a zafi yakan sauko ƙasa da digiri 20, ga iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta.

Mutumin da ke kwance cikin bargo zai ce ai wannan ba wani sanyi ba ne. To, amma mai tuƙi a tsaye yake, gora a hannunsa tana ɗigar ruwa har gwiwar hannu, taru ko birgi ya jiƙe masa gaban riga, kuma haka zai yini ko ya kwana. Masana sun tabbatar cewa ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi har wajen ninki 25. Jiƙaƙƙen tufa kuwa, in iska tana bugunsa, aikin randa yake yi, watau yana sanyaya abin da ke cikinsa. Ɗumin jikin lafiyayyen mutum digiri 37 ne. In ya sauko ƙasa da 35 an shiga hatsari, domin yatsu za su sandare, hankali ya dushe, ƙafa ta daina riƙe mutum. Wanda yake tsaye a bakin kwale-kwale kuwa, gocewa ɗaya ta ishe shi.

Abin ban sha'awa shi ne, wannan tsayuwa da Bata da Jukunawa da Hausawa masunta suka gada kaka da kakanni a Binuwai, irinta ce aka mayar wasa a wasu ƙasashe. A gaɓar Waikiki ta tsibiran Hawayi aka san masu koyar da hawan igiyar ruwa suna tsayawa a kan allo da filafili a hannu, daga baya kuma, tun shigowar shekarun 2000, wasan ya bazu ko'ina a duniya. Da yake masu yinsa a Turai da Amurka ba su fasawa ko da ƙanƙara tana zuba, sun daɗe suna nazarin irin suturar da ta dace, kuma a cikin abin da suka gano akwai darasi ga mutanen bakin kogi.

Rigar da suke sawa da wata irin roba ake yinta mai suna niyofirin, wadda masanan kamfanin DuPont suka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1930. Wani malamin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Hugh Bradner, shi ake danganta wa ƙirƙiro rigar a 1952, sannan irin su Jack O'Neill suka mayar da ita hajar kasuwa. Robar tana da ƙananan kumfa na iska birjik a cikinta, su ne suke hana ɗumi fita. Rigar ba ta hana ruwa shiga ɗungum. Ɗan kaɗan yakan shiga tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi, ya zauna nan. Saboda haka ne dole ta kama jiki tsam. In ta yi yawa, sabon ruwa mai sanyi zai riƙa shiga yana kore mai ɗumin, an yi ba a yi ba ke nan. In kuma ta matse ƙwarai, numfashi zai yi wuya, kafaɗa ta gaji tun ba a yi nisa ba.

Kaurin rigar da milimita ake auna shi, kuma lamba biyu ake rubutawa a jikinta. In an ga 3/2, ana nufin milimita 3 a ƙirji da baya, 2 a hannuwa. Mai 5/4 ta ruwan da ya sauko wajen digiri 10 ce, kuma da ita ake haɗa takalmi da safar hannu da hula, duk na roba. Sai dai masu tuƙi a tsaye sun lura cewa bukatarsu daban take da ta mai ninƙaya. Shi mai tuƙi yawancin lokacinsa a saman ruwa yake, yana aiki da kafaɗa, don haka riga mai kauri takan sa shi gumi ya galabaita, alhali kuwa babban abokin gabansa iska ce. Shi ya sa da yawansu suka fi son marar kauri, ko marar hannu, mai santsi a ƙirji don ta tare iska, sannan su ɗora wata 'yar riga mai hana iska a bisa.

Ruwan Binuwai bai kai na waɗancan ƙasashe sanyi ba ko a tsakiyar hunturu. Saboda haka mai 5/4 ba ta da wurin zama a Jimeta, kuma wanda ya saya ya yi asarar kuɗinsa. Wanda aikinsa ya sa yake daɗewa cikin ruwa, kamar mai ɗibar yashi ko mai nutso don kwance tarun da ya sarƙe, mai milimita 2 ta wadatar da shi, in ya dace da samunta. Ya duba ɗinkin da kyau, gama wadda aka manne da gam sannan aka ɗinke ta fi riƙe ɗumi. Ya gwada ta ya ɗaga hannu sama ya sunkuya kafin ya biya. Bayan aiki kuma ya ɗauraye ta da ruwa mai kyau ya shanya a inuwa, domin zafin rana da man inji suna cinye robar.

To, amma ba kowa ke da halin wannan ba, kuma masunci da ke lissafin kuɗin taru da na makarantar yara ba zai fara da rigar Turai ba. Abin da ya kamata ya ɗauka shi ne dabarar, kuma kayanta suna nan wurin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Jimeta. Tufar auduga takan sha ruwa ta riƙe shi, ta manne a fata, don haka ita ce mafi muni a wannan aiki. Ulu da yadin roba irin na rigunan 'yan ƙwallo ba su riƙe ruwa haka, kuma suna saurin bushewa. Sai a sa mai kama jiki daga ciki, suwaita a tsakiya, rigar ruwan sama marar nauyi a waje don tare iska. A rufe kai da kunnuwa da hular sanyi. A ƙulle busasshen tufa ɗaya cikin leda a ajiye a jirgi, domin sauyawa da zarar an gama jan taru.

Akwai kuma abin da ya kamata a guje wa. Babbar riga da kwat mai nauyi da dogon takalmin roba suna da daɗi muddin ana cikin jirgi, amma in aka faɗa ruwa sukan cika su hana mutum motsi. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma gwanin ninƙaya ma ba ya fid da kansa in hannuwansa sun sandare, tufa ta naɗe masa ƙafa. Haka nan kada a ɗauka rigar niyofirin tana maye gurbin rigar ceto. Gaskiya ne tana ɗan taimakawa wajen yin iyo, amma ba ta juya fuskar wanda ya suma sama. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta sa rigar ceto ga masu shiga jirgin ruwa, kuma a bisa sauran tufafi ake ɗaura ta.

Idan aka tsamo mutum yana makyarkyata, maganarsa tana sarƙewa, ko barci yana fizgarsa, a kai shi inda iska ba ta bugu, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai. In yana cikin hayyacinsa a ba shi kunu ko shayi mai ɗumi da sukari. Kada a ba shi giya, kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada kuma a cusa shi bakin wuta. In karkarwar ta tsaya alhali jikinsa yana nan da sanyi, abin ya yi tsanani ke nan, sai a garzaya da shi asibiti.

Jama'a sun saba jin tsoron Binuwai a lokacin damina, musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. A hunturu kuwa kogin yakan janye, tsibiran yashi su fito, kowa ya saki jiki. Nan ne sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta da na masu fito suke da aiki, su riƙa duba yaran da ake turawa da asuba da singileti ɗaya, su kuma haɗa kuɗi a sayo rigunan ceto a sari. Tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa da ake ci a gidajen Yola da Jimeta, waɗannan bayin Allah ne suke tsamo su cikin ɗari. Allah ya tsare su, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.