Zubar Jini Daga Rauni da Yadda Ake Tsayar da Ita

A lokacin kaka, a gonakin Ɗambatta da Bichi, ba wuya lauje ko magirbi ya kuɓuce ya sari manomi, ga shi kuwa asibiti da tazara. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma idan lita 2 ta zube, rai yana cikin haɗari.

Kamannin jinin su ke nuna mafitarsa. Idan ja wur ne, yana tsartuwa daidai da bugun zuciya, to jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ce ta yanke, wannan kuwa kan kashe cikin 'yan mintoci. Idan ya yi duhu yana kwarara a hankali, jijiyar da ke mayar da shi ce. Na ƙananan jijiyoyi tsatstsafowa kawai yake yi.

Matakin farko shi ne dannewa. A ɗora ƙyalle mai tsabta, a danne da ƙarfi tsawon minti 10 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba. In ya jiƙe, a ƙara wani a kansa. Idan hannu ne ko ƙafa, jinin kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure saman raunin da rawani ko kallabi, a murɗa da sanda har ya tsaya, a rubuta lokacin, a garzaya asibiti. Toka da ƙasa da kashin shanu da wasu ke zubawa kuwa, cutar tatanas suke jawowa.