BABI NA UKU: BINCIKEN DUNIYOYIN SAMA DA NA'URORI DA BATUN ƘAURAR ƊAN ADAM ZUWA MIRRIHU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sunayen taurari da yadda manoman ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suke dogara da su wajen sanin lokacin shuka da na girbi. A wannan babi kuwa, za a dubi yadda ilimin zamani ya isa ga wasu daga cikin waɗannan halittu na sama ta hanyar aika na'urori, sannan a auna maganar da ake yi cewa ya kamata ɗan Adam ya je ya kafa gari a can. Za a fi mayar da hankali a kan jar duniyar nan da malamanmu na hisabi suke kira Mirrihu, wadda kafafen watsa labarai suke kira Mars, domin ita ce aka fi bincika, kuma ita ce ake kwaɗayin komawa. Kalmar "duniya" a nan tana nufin kowane ɗaya daga cikin manyan dunƙulallun halittu takwas da ke kewaya rana. Kalmar "na'ura" kuwa tana nufin kumbo ko motar bincike da ba ta ɗauke da mutum, wato abin da wasu suke kira mutum-mutumi.

3.1 Dutsen Zagami

Ba sai an je Amurka ba kafin a sami inda wannan batu ya shafi ƙasar Hausa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a kusa da Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokaci. Ya faɗi ne 'yan taku kaɗan daga inda wani manomi yake tsaye a gonarsa, ya kuma nutse cikin ƙasa. Daga baya aka kai shi ma'aikatar binciken ma'adinai da ke Kaduna. Ya kamata a bambanta wannan da abin da Bahaushe yake kira gatarin aradu, domin shi gatarin aradu makami ne na dutse da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu, ruwa ne kawai yake tono shi.

Shekaru da dama ba wanda ya tabbatar da asalin dutsen Zagami. Abin da ya warware matsalar shi ne aikin na'ura. A shekarar 1976 kumbuna biyu na Amurka, Viking 1 da Viking 2, suka sauka a Mirrihu, suka auna irin iskar da ke can, suka aiko da sakamakon. A 1983 masana suka sami 'yar iska da ta maƙale a cikin wani dutsen sama da aka tsinta a yankin ƙanƙara na Antatika, suka ga ta yi daidai da abin da Viking ta auna. A 1995 aka sami irin wannan iska a cikin dutsen Zagami. Ashe ɓangaren Mirrihu ne. Bayanin masana shi ne, wani babban dutse ne ya faɗa wa Mirrihu kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ƙarfin dukan ya watsa tarkace zuwa sararin sama, wani daga ciki ya yi ta yawo har Allah Ya kawo shi gonar Bakatsine. Wani abin sha'awa kuma, da aka harba kumbon Mars Global Surveyor a 1996, an sanya ɗan ɓarɓashin dutsen Zagami a cikinsa. Ke nan abin da ya taɓa kwana a ƙasar Katsina ya koma yana kewaya mahaifarsa.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗan Adam ko ɗaya da ya taɓa taka Mirrihu, amma an iya gane ɗiyanta a bayan ƙasa. Na'ura ce ta je ta ɗauko shaida.

3.2 Abin da Na'urori Suka Gano

Kumbon Mariner 4 ne ya fara wucewa kusa da Mirrihu ya ɗauko hotuna a 1965. Motar bincike ta farko da ta yi aiki a can ita ce Sojourner a 1997, sai Spirit da Opportunity a 2004, sai Curiosity a 2012, sannan Perseverance a 2021. Ba Amurka kaɗai ba ce a fagen: kumbon Indiya ya isa a 2014, na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya isa a 2021, a shekarar ce kuma Sin ta sauke motarta mai suna Zhurong.

Tafiya daga nan zuwa can tana ɗaukar kimanin wata bakwai. Saƙon rediyo kansa yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. Saboda haka ba a iya tuƙa motar kai tsaye yadda direba ke yi. Akan rubuta mata umarnin yini guda ne a aika, ita kuma ta yi amfani da kwamfutarta wajen kauce wa rami da dutse, da yamma ta aiko da rahoto. Wutarta kuwa ko dai daga hasken rana ko daga zafin sinadarin nukiliya.

Babban abin da waɗannan motoci suka tabbatar shi ne, Mirrihu ta taɓa samun ruwa mai gudu. Curiosity ta sami tsakuwa masu santsi irin waɗanda kogi kaɗai ke gogewa, da laka da ta daskare a gindin wani tsohon tafki. Perseverance kuma an sauke ta ne a bakin wani mataccen kogi a kwarin Jezero. Wannan hanya ta karanta tarihi a jikin dutse ba baƙuwa ba ce ga mutumin Birnin Kudu. Zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda masana irin su Bernard Fagg suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, yana nuna shanu marasa tozo, alhali shanun da ake kiwo a yankin yanzu masu tozo ne. Daga nan mai nazari yake gane cewa dabbobi da mutanen wurin sun sauya. Bambancin dai shi ne, sauyin Birnin Kudu na ɗaruruwa ko dubban shekaru ne, kuma har gobe ana noma a gindin duwatsun. Ruwan Mirrihu kuwa ya ƙafe tun fiye da shekara biliyan 3.

3.3 Sharuɗɗan Kafa Gari

Ƙaura ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Sunaye irin su Gwaram Tsohuwa da Sabuwar Gwaram, da tarin Sabon Gari da Tunga da Zango da ke ko'ina, sun isa shaida. To amma idan aka duba tarihin kafuwar garuruwanmu, za a ga maharbi ko manomi ko makiyayin da ya fara sare daji yakan nemi abubuwa sanannu: ruwan sha, ƙasar noma, makiyaya, da tsaro. Iskar shaƙa ba ta cikin lissafinsa, domin bai taɓa zuwa inda babu ita ba. Idan aka ɗora Mirrihu a kan wannan ma'auni, tun daga abin da ba a lissafawa take faɗuwa.

Iskar Mirrihu kashi 95 cikin 100 kabon ce, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma kaurinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Mutumin da ya fita ba rigar kariya zai suma cikin daƙiƙoƙi. An gwada tace iskar oksijin daga wannan iska da wata na'ura mai suna MOXIE da ke jikin Perseverance. Gwajin ya yi nasara, amma daga 2021 zuwa 2023 giram 122 ta samar gaba ɗaya, alhali baligi ɗaya yana buƙatar fiye da giram 800 a kowace rana.

Ruwa akwai shi, sai dai ƙanƙara ne. Kumbon Phoenix ya tona ƙasa a 2008 ya gan shi. Amma saboda rashin kaurin iska da tsananin sanyi, wanda matsakaicinsa ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri, ruwa ba ya kwanciya a fili balle a yi rijiya ko fadama. Shi dai wannan kumbo ya gano cewa ƙasar tana ɗauke da wani gishiri mai guba da ake kira fakuloret, wanda ke hana maƙogwaron mutum amfani da aidin, abin da kan jawo maƙoƙo. Ke nan kafin a shuka ko da gero ne sai an wanke ƙasar, kuma da ruwan da sai an narkar da shi tukuna. Ta fuskar tsaro kuwa, abokin gaba a can ba mahari ba ne, haskoki ne masu cutarwa daga rana da sararin sama. Duniyarmu tana da garkuwar maganaɗisu da iska mai kauri da suke tare su, Mirrihu ba ta da irin wannan garkuwa. Don haka masu tsara gidajen can suke maganar binne su a ƙarƙashin ƙasa. Har ila yau akwai ƙura. Wanda ya san hazon hunturu a Jigawa zai iya kwatanta ta, sai dai ta can takan rufe duniyar baki ɗaya na tsawon makonni, kamar yadda ta yi a 2018 har ta kashe Opportunity ta hanyar tare mata hasken rana.

An taɓa gwada irin rayuwar da ake nufi a nan duniya. Daga 1991 zuwa 1993 an kulle mutum takwas a wani katafaren gidan gilashi mai suna Biosphere 2 a jihar Arizona ta Amurka, da nufin su noma abincinsu, tsirrai kuma su sabunta musu iska. Abinci ya yi musu ƙaranci har suka rame, oksijin kuma ya sauka daga kashi 21 zuwa kusan 14, dole aka buɗe aka ƙara musu daga waje. Su waɗannan suna da wajen da za a kawo musu ɗauki. Mazaunin Mirrihu kuwa, hanyar tafiya mai sauƙi tana buɗewa ne sau ɗaya a kowane wata 26.

3.4 Hujjojin Masu Goyon Baya

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren, kuma tana da ƙarfi. Mutum ya fi na'ura sauri nesa ba kusa ba. Opportunity ta yi fiye da shekara 14 kafin ta ci kilomita 45, tafiyar da mai babur zai yi cikin sa'a guda, alhali 'yan sama-jannatin Apollo 17 sun ci kusan kilomita 36 a duniyar wata cikin kwana uku a 1972. Sai dai wannan hujja ce ta ziyara, wato irin cin rani, a je a yi aiki a dawo. Ba ta kai ga zama hujjar tarewa da mata da yara ba. Kuma ita Opportunity kwana 90 aka ɗiba mata, ba ta nemi abinci ba, da ta mutu kuma ba a yi zaman makoki ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya fi yayatawa: wai a sami mafaka ta biyu ko da bala'i ya halaka wannan duniya. A ganin mai wannan nazari, hujjar tana da rauni, domin ko a tsakiyar Sahara akwai iskar shaƙa kyauta, amma ba a ga mutane suna rububin kafa birane a Tenere ba. Gyaran gidan da ya tsage ya fi sauƙi a kan gina sabo a inda babu ƙasa. Ta fuskar addini ma an yi magana. A 2014 hukumar harkokin addinin Musulunci ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba da fatawar hana tafiyar da ba dawowa zuwa Mirrihu, bisa dalilin cewa jefa kai ne ga halaka. Fatawar ta biyo bayan shirin wani kamfani mai suna Mars One, wanda ya karye a 2019 ba tare da ya harba komai ba.

3.5 Wa Zai Mallaka?

Kalmar da Turawa suke amfani da ita wajen wannan ƙaura ita ce dai wadda muke fassarawa da "mulkin mallaka". Gaskiya ne babu mutanen da za a mallaka a Mirrihu, amma tambayar wa zai ci amfanin wurin tana nan. Yarjejeniyar sararin sama ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa wata ko wata duniya mallakinta ce, sai dai ba ta fayyace hukuncin ma'adinan da kamfani zai haƙo ba. Nijeriya, wadda ta kafa hukumarta ta sararin sama a 1999 ta kuma harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis da Amurka ke jagoranta a Disamba 2022, ita da Ruwanda, kuma su ne na farko a Afirka. Wannan yarjejeniya ta amince da haƙo albarkatun sama da amfani da su, abin da a aikace sai mai kumbo ne zai iya.

Abin da ya faru da duwatsun Mirrihu da suka faɗo ƙasashenmu ya nuna yadda rabon kan kasance. An yanyanka dutsen Zagami, gutsattsarinsa suka watsu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. A Nuwamba 2023 kuma an tsinci wani dutsen Mirrihu mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, wanda ya zarce na Zagami girma. A Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda aka fitar da shi, sannan a watan Agusta na shekarar ta dakatar da fitar da duwatsun sama daga ƙasar.