Kafin Ka Sauya Kwamin Wanke Hannu, Duba Abin da Ke Ƙarƙashinsa

Mutum zai shiga kasuwar kayan gini ya ga kwamin wanke hannu mai kabad a ƙasa, da madubi da aljihuna, ya burge shi, ya biya ya ɗauko. Sai an cire tsohon sannan a tarar ramin sabon bai zo daidai da fayif ɗin da ke cikin bango ba. Ko ya karkata gefe, ko ya yi ƙasa, ko aljihun kabad ya tokare hanya. A nan falamba mai gaggawa kan zaro fayif ɗin nan na roba mai miƙewa da tattarewa kamar zugazugin maƙeri, ya ja shi daga kwami zuwa bango, ya ce aiki ya ƙare. Bayan 'yan kwanaki banɗaki ya ɗau wari, a yi ta zuba turare ba a san daga inda yake fitowa ba.

Abin da aka yi asararsa shi ne lanƙwasar fayif da ke ƙarƙashin kwami. Duk ruwan da ya wuce sai ya bar kaɗan a cikinta, mai zurfin santimita 5 zuwa 7 ko fiye, kuma wannan ɗan ruwan ne ke toshe hanya tsakanin ɗaki da sokawe. Iskar da ke tasowa daga can ba wari kaɗai ba ce; akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke da guba in ta yi yawa, akwai kuma mai kama wuta. Kyankyasai ma ta nan suke hawowa. Dabarar ta daɗe: a 1775 wani mai ƙera agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai irin wannan lanƙwasa.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da Hong Kong a 2003. A rukunin gidajen Amoy Gardens cutar SARS ta kama mutum sama da 300, ta kashe 42. Binciken hukuma ya gano cewa lanƙwasar magudanun ƙasan banɗakuna da yawa ta bushe, sai fankokin fitar da iska suka riƙa janyo feshin ƙazanta daga babban bututun ginin zuwa cikin gidaje.

Saboda haka awo shi ne farkon aiki, tun kafin a je kasuwa. A auna tsayin bakin fayif ɗin bango daga ƙasa, da nisansa daga kusurwa. Dole ramin kwami ya fi shi tsayi sosai, yadda lanƙwasar za ta samu wurin zama. In sabon kwami mai zurfi ne har ya sauko ƙasa da bakin fayif ɗin, babu dabarar da za ta sa ruwa ya hau sama. Sai dai a fasa tayil a saukar da fayif, ko a sauya kwamin. Karkatar gefe kuwa mai sauƙi ce, domin lanƙwasar tana juyawa a mahaɗarta, in bai isa ba a ƙara guntun fayif mai tauri da gwiwa. Fayif ɗin da ya nufi bango ya ɗan sunkuya, kamar santimita 2 a kowace mita.

Faɗin fayif ma abin lura ne. Na kwamin wanke hannu yawanci milimita 32 ne, na bango kuma sau da yawa 40. Akwai mahaɗi da aka yi don wannan, kuma ba shi da tsada. Cusa leda ko cika giɓin da gam, kamar yadda nake gani a gidaje da dama, aikin banza ne da zai ruɓar da katakon kabad a ɓoye. Ban yarda da fayif mai tattarewa ba ko da an lanƙwasa shi yadda ya kamata, don gashi da kumfar sabulu da man goge baki suna maƙalewa a tsakanin zobbansa, shi kansa ya koma tushen wari.

In fayif ɗin ta ƙasa ya fita ba ta bango ba, akwai wata matsala: ruwan da ya sauka da ƙarfi yakan zuƙe na cikin lanƙwasar ya tafi da shi. Alamarta ƙarar ɓulɓul bayan kwami ya zube. Maganinta a samar wa layin mashigar iska.

Kada a sallami falamba sai an gwada. A toshe kwami a cika shi, a sake ruwan gaba ɗaya, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Sannan a leƙa a tabbata lanƙwasar tana kwancewa da hannu, ba a manne ta da gam ba, don ranar da za ta toshe ko zobe ya faɗa ciki. Banɗakin ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba kuwa, musamman da hunturu lokacin da iska ke busar da komai, a riƙa buɗe masa famfo duk mako, a kuma zuba buta guda a magudanar ƙasa.