Kwantar ɗin kuran: yadda za a zaɓe shi, a san abin da gida yake sha

A gidajen haya da yawa na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, kwantar ɗaya ne ake tarayya a kansa. Ƙarshen wata, in faktir ya zo, sai gardama ta tashi. Wannan ya ce fitila biyu kaɗai gare shi, wancan ya ce ba shi ya sha ba. Maƙwabta da yawa sun ɓata a kan haka. Maganin wannan gardama shi ne awo. Hatsi da tiya ake auna shi. Kuran kuma da kwantar.

Mene ne kwantar yake ƙidayawa?

Kowane kayan lantarki yana da ƙarfinsa, ana rubuta shi a jikinsa da harafin W, wato wat. Kayan da ke da wat 1000, in ya yi aiki awa ɗaya, ya sha kilowat-awa ɗaya. A rubuce shi ne kWh. Wannan shi ne kwantar yake ƙidayawa, kuma a kansa ake biyan kuɗi.

Lissafin ba wuya: a ninka wat da awoyin aiki, a ninka da kwana 30, a raba da 1000.

Ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, in yana ci awa 5 kullum, yana shan kWh 9 a wata. Ƙwan LED mai wat 10 kuwa, ɗaya da rabi kaɗai yake sha. Fanka mai wat 60, awa 10 kullum, tana shan 18. Firigo na ƙanƙara mai wat 150, in injinsa yana juyawa awa 12 a yini, yana shan 54. Lokacin bazara ya fi haka.

To, mu ɗauki iyali biyu a gida ɗaya. Na farko yana da ƙwan LED biyu da fanka: 21 ke nan. Na biyu yana da irin waɗannan, ga kuma firigo na saida ƙanƙara da lamurje: 75 ke nan. Jimla 96. In an raba daidai, kowa zai biya kuɗin 48. Na farko ya biya fiye da ninki biyu na abin da ya sha. Wannan ba adalci ba ne, ko da babu wanda ya yi niyyar cuta.

Kwantar iri uku ne

Na farko shi ne na NIGELEC. Shi kaɗai kamfani ya sani, kuma kamfani ne yake kafa shi. Akwai wanda ake karantawa kowane wata a kawo faktir. Akwai wanda ake biya tukuna, a ba mutum lambobi ya danna, kuran ya shiga. Mai biya tukuna ba ya tara bashi, kuma yana ganin abin da ya rage masa. Amma in kuɗin ya ƙare da dare, sai duhu.

Na biyu shi ne ƙaramin kwantar da ake sawa bayan babban, a kan layin kowane iyali. Aikinsa raba faktir tsakanin masu zama gida ɗaya. Kafin a sa shi, a tambayi ofishin kamfani abin da doka ta yarda da shi. Inda hali ya samu, abin da ya fi shi ne kowane iyali ya nemi nasa kwantar.

Na uku ɗan ƙarami ne, ana cusa shi a firiz na bango, sannan a cusa kayan a jikinsa. Kaya ɗaya yake aunawa. Da shi ake gane ɓarawon kuran a cikin gida, musamman tsohon firigo wanda robar ƙofarsa ta saki. A bar shi awa 24 a jikin firigo, a ninka abin da ya nuna da 30.

Abin da za a duba kafin a saya

1. Ya dace da kuranmu: bolt 220, ko 230, da 50 Hz. Kayan Amurka na bolt 120 ba namu ba ne.

2. Layi ɗaya ko layi uku. Gidan zama layi ɗaya ya ishe shi. Injin niƙa da babban injin jan ruwa na lambu sau da yawa layi uku suke so.

3. Ampar, wato harafin A. A ninka ampar da 220, a samu wat ɗin da zai iya ɗauka. Ampar 10 wat 2200 ke nan. A haɗa wat na kayan da ake kunnawa lokaci ɗaya, a zaɓi wanda ya zarce su. Wanda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa yakan yi zafi, ya narke.

4. Ya nuna kWh, ba wat kaɗai ba.

5. Ya riƙe lambarsa in an ɗauke wuta. Wanda yake komawa sifiri ba shi da amfani a nan.

Yadda za a yi aiki da shi

A ajiye kaye ɗaya. Ran 1 ga wata a rubuta lambar kowane kwantar a gaban kowa. Wata mai zuwa a sake rubutawa, a debe tsohuwa daga sabuwa. Abin da ya rage shi ne shan wata. Fitilar zaure da ta makewayi, a raba kuɗinsu daidai. In ana shakka, a kashe kome da kome a duba: in kwantar bai tsaya ba, akwai inda kuran yake zurarewa, ko wani ya ja layi.

Hattara da rai

Kuran ba ya gargaɗi. Kada wanda bai koyi aikin ba ya taɓa waya. A kira ma'aikacin lantarki, a kashe babban makunni kafin aiki. A kafa kwantar inda ruwan sama da hannun yara ba su kaiwa. Kada a cire hatimin kwantar ɗin kamfani, kada a kewaye shi da waya: laifi ne mai tara, kuma yana jawo gobara.

Wanda ya iya karanta lamba, ya iya karanta kwantar. Ku gwada yau, ku koya wa maƙwabta. Allah ya ba mu zaman lafiya da juna.