Kunkuru Ya So Dambe

Hausawa suka ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Da wannan ake yi wa mai dogon buri ba'a, wanda ya rungumo abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai duk wanda ya ƙago maganar, da alama bai taɓa tsayawa ya kalli maza biyu na babban kunkuru sun haɗu a kan mace ba. A ƙarƙashin wuyan namiji akwai wani ƙashi mai baki biyu da ya zarto daga ƙoƙon ƙirjinsa. Sai kowa ya ja da baya, ya maƙe kai, ya taho da iya ƙarfinsa, ka ji ƙwas! Kowanne so yake ya cusa ƙashin nan ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɗaga shi ya kifar. Wanda aka kifar kuwa da tsakar rana, in bai samu dutse ko saiwar da zai dogara ya juyo ba, zafi ne ajalinsa. Dambe kam babu, amma a kokawa ba a raina shi.

Wanda manomin Tudun Wada ko na Doguwa a jihar Kano ya saba karo da shi ba wannan ƙaton ba ne. Ƙaraminsu ne, wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Rani duk ba ka ganinsa, yana can kwance a ramin wata dabba ko ƙarƙashin tarin ganye. Ruwan farko na sauka, ƙasa ta yi taushi, sai ga shi a bakin gona yana neman naman kaza, da dodon koɗi, da 'ya'yan itacen da suka faɗo, har da ƙadandoniya da yawancin dabbobi ke ƙyama. In ka ɗaga shi ka duba bayansa da kyau, za ka ga wani layi ya ratsa ƙoƙon ta wajen ƙugu. Nan gaɓa ce. Da ya ji motsi sai ya saukar da ƙarshen ƙoƙon ya rufe ƙafafun baya da wutsiya ruf. Kififiyar da masuntan madatsar ruwan Tiga kan tarar a koma danginsa ce, amma ita 'yar ruwa ce, kuma ba ta da haƙurinsa: wanda ya kai mata yatsa zai ba da labari.

Babban kuwa ɗan bakin Sahara ne. Ƙasarsa ta miƙe daga Senegal, ta bi ta Mali da Nijar da Chadi har Sudan da Habasha, ta ɗan shafi arewacin Najeriya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu a duniya, kuma biyun da suka fi shi duk mazauna tsibirai ne. Riƙaƙƙen namiji kan haura kilo 50, an ma samu waɗanda suka kai 100. Launinsa na rairayi ne, ƙafafun gabansa lulluɓe da ɓawo mai kauri, a cinyoyinsa na baya kuma akwai 'yan ƙahonni. Akan gan su a gidajen masu hali a Kano.

Abin da ya fi burge ni a sha'aninsa shi ne yadda ya sasanta da rani. Ba ya ƙaura, ba ya bin ruwa. Rami yake tonawa da ƙafafun gaba, mai gangara, mai tsawon mita da yawa, har ya taras da ƙasa mai sanyi da damshi. Can zai kwanta ya rage numfashi, ya rage motsi, watanni su wuce. In ma ya fito, da sassafe ne ko da la'asar sakaliya, ya ɗan yagi ciyawa ya koma. Ruwan da zai raya shi yawanci daga ɗanyar ciyawar damina yake samu, ya adana a mafitsara, jikinsa na tsotsa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa fitsarin nan da yake saki idan yara suka ɗaga shi, suna ta dariya, ba abin dariya ba ne. Guzurinsa ne ya zube a ƙasa saboda tsoro. Ramin ma ba nasa shi kaɗai ba ne, ƙadangaru da kwaɗi da ƙananan dabbobi duk a ciki suke fakewa.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙoƙon ɗaki ne da yake shiga yana fita. Ko kusa. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka baje suka haɗe suka zama ƙoƙo, akwai jini a ciki, akwai jijiya. Don haka mai huda gefen ƙoƙon ya zura igiya ya ɗaure shi a gindin bishiya, ya sani ƙashin mai rai ya huda. Haƙori kuwa ba shi da ko ɗaya, baki ne mai kaifi da yake datse ciyawa da shi.

A tatsuniyoyinmu kunkuru bai samu sarauta ba, Gizo ya riga shi. Amma ka gangara kudu, wurin Yarabawa da Ibo, sai ka tarar duk makircin da muke jingina wa mijin Ƙoƙi, su kunkuru suke ɗora wa. Mu Gizo ne ya ari gashin tsuntsaye ya bi su cin ɓaure, ya yi musu haɗama suka ƙwace abinsu. Su kunkuru ne ya ari gashin, ya je liyafa a sama, ya cinye abincin, aka bar shi ya faɗo ƙoƙonsa ya tsattsage, wai ɗinkin ne muke gani har yau. Tseren zomo da kunkuru ma da kowane ɗan firamare ya sani, ta littattafan boko ya fi yaɗuwa a cikinmu. Abin da Bahaushe ya ba kunkuru wani matsayi ne daban, na tsoro-tsoro. Akwai masu ajiye shi a gida da imanin yana tare sammu da mugun baki, kuma da wuya ka leƙa shimfiɗar mai maganin gargajiya a kasuwa ba ka ga ƙoƙonsa kusa da fatar damo da ƙayar beguwa ba. Ni dai ban ga dalilin da dabbar da ta kasa tsare kanta daga hannun yaro za ta tsare gidan wani ba.

Batun shekaru ma an yi masa ƙari. Da kunkurun fadar Ogbomoso, Alagba, ya mutu a watan Oktoba na 2019, fada ta ce shekararsa 344. Masana dabbobi suka yi ta girgiza kai, domin irinsa in ya haura 70 ya doshi 100 to ya yi tsawon rai. Wanda ake da hujja a kansa shi ne wani mai suna Jonathan na tsibirin Saint Helena, da aka ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832. Tsufan da ba gardama a kansa na zuriyar ne. Duwatsun Riruwai na jihar Kano da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsu, masana ƙasa sun ce tushen wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya huce fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. To tun kafin ya yi aman, kakannin kunkuru na yawo da ƙoƙonsu.

A kan irin waɗannan duwatsu mafi girmansu ke zaune a yau, a tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, kimanin kilomita 1,000 cikin teku, inda Charles Darwin ya sauka a 1835. Can kunkuru kan haura kilo 200. Matuƙan jiragen ruwa na ƙarni na 19 sun gano zai yi watanni ba ci ba sha bai mutu ba, sai suka riƙa loda su dubbai a jirage, a kife, ana yankawa ɗaya bayan ɗaya. Juriyar tasa ita ta jawo masa. Awakin da aka saki a tsibiran suka cinye ciyawar da ta rage. Na ƙarshe a irin tsibirin Pinta, wanda aka sa wa suna George, ya mutu a watan Yuni na 2012 bai bar baya ba. Yanzu a tsibirin Santa Cruz manoma sun bar kunkuru na kiwo a gonakinsu tare da shanu, baƙi na biyan kuɗi su kalla, su kuma shiga kogunan da narkakken dutse ya bari a ƙarƙashin ƙasa. 

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma kunkuru yana kamuwa, domin dabararsa ɗaya ce tak: ya shige ya jira. Ta yi masa aiki a kan dila da shaho. Ba ta aiki a kan wutar da mafarauta ke cinna wa daji da rani, ba ta aiki a kan garmar tarakta, ba ta aiki a kan tayar tirela a hanyar Kano zuwa Jos da ta ratsa dajin Falgore. Dajin nan, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi tun zamanin Turawa, amma masu gawayi da masu itace da garken shanu sun daɗe suna gutsurarsa, gonakin masara kuma na matsowa daga gefe. Babban na bakin Sahara shi ma kiwo ya cinye masa ciyawa, 'yan kasuwa sun yi ta kwasarsa zuwa Turai da Amurka, har hukumar duniya mai lissafin dabbobi ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigar da shi da ƙaramin mai gaɓa, ba don tausayinsu ba, sai don kaskar jikinsu na ɗauke da cutar da ke kashe shanu da tumaki. Abin mamaki, waɗanda aka riga aka kai sun yi ta hayayyafa a can, yayin da a mahaifarsu ake nemansu da fitila.

Ga kuma jinkirin haihuwa. Macen babban kan haura shekara 10 kafin ta fara ƙwai. Ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba 15 zuwa 30, ta rufe ta yi gaba, zafin ƙasa ne zai ƙyanƙyashe su, shi ne ma zai raba maza da mata. Damo da tunku su tone wasu, hankaka ya tsince 'ya'yan da suka fito ƙoƙonsu bai yi ƙwari ba. Kaɗan ne ke kai labari. Saboda haka duk baligin da aka ɗauke daga daji aka kai tsakar gida, ana jefa masa ɓawon kankana da ragowar tuwo shi kaɗai shekara da shekaru, a wurin zuriyarsa daidai yake da wanda aka yanka. Masu irin wannan ajiya da yawa ba su ma san ko namiji ne da su ko mace ba, alhali dubawar ba wuya: cikin namiji a lotse yake, wutsiyarsa doguwa, na mace kuwa a shafe, wutsiyar 'yar guntuwa.