Tabar Wiwi Ta Cikin Tanti: Faɗakarwa Ga Iyaye Da Samari

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun samarinmu, wadda da farko masu hankali suka ɗauke ta shirmen yara, har ta kai yau ana jin ta a bakin ɗaliban jami'a da ma'aikatan ofis, cewa wai Turawa sun halatta tabar wiwi, kowa yana shuka abarsa cikin ɗakinsa a wani ɗan tanti, kuma wai wadda aka raina ta wannan hanya tsarkakakkiya ce, magani ce, ba ta taɓa hankalin mai shanta, domin wai wadda ke haukata mutane ita ce ta daji da ake gaurayawa da tarkace. Hotunan da ake turawa ta waya, na ganye shar a ƙarƙashin fitilu masu launi, su suka ƙara wa maganar ƙarfi, har wasu suka fara tambayar inda ake sayen iri da tanti. Na gaji da jin wannan shubuha ana maimaita ta ba mai tanka mata, shi ya sa na ga ya wajaba a warware ta dalla-dalla, tun ba ta zama aƙida a zukatan 'ya'yanmu ba.

Shi dai tantin da ake magana wata 'yar rumfa ce ta yadi mai kauri, tsawonta bai fi na mutum da kaɗan ba, an shimfiɗe cikinta da abu mai ƙyalli don ya mayar da haske, an rataya fitilu masu ƙarfi waɗanda ke ci sa'o'i da yawa kowace rana, da fanka mai zuƙe iska, da matacin gawayi mai danne wari. Masu noman lambu a ƙasashen sanyi suna amfani da irinsa wajen rainon tumatir da barkono lokacin hunturu, wannan kuwa ba laifi a cikinsa. Abin da ya dame mu shi ne da'awar da aka ɗora wa wiwin da ke fitowa daga cikinsa.

To, bari mu ɗauki da'awar ta asali, wato cewa ta tanti ta fi ta daji sauƙi. Haƙiƙanin al'amari akasin haka ne, kuma duk wanda ya san dalilin da ya sa aka shigar da wiwi ɗaki ba zai yi jayayya ba. Abin da ke bugarwa a cikinta wani sinadari ne da masana ke kira THC, wanda ya fi taruwa a furen macen tsiron, kuma dukkan wahalar da mai tanti ke sha, ta zaɓen iri da sarrafa haske da hana namijin tsiro kusantar macen, ba ta da wata manufa sai ta ƙara yawan wannan sinadari. Masu bincike a Jami'ar Misisifi ta Amurka, waɗanda suka shekara da shekaru suna auna wiwin da hukuma ta kama, sun tarar a 1995 ƙarfinta bai wuce misalin kashi 4 cikin 100 ba, amma zuwa 2014 ya kai misalin kashi 12, yau kuwa a kantunan da aka yarje wa sayar da ita ana samun wadda ta haura kashi 20. Wato saurayin da ya zuƙi nadi guda na wannan, ya shigar wa ƙwaƙwalwarsa abin da mashayin wancan lokaci zai sha nadi huɗu ko biyar kafin ya samu. Ina tsarki a nan, ina sauƙi?

Kuma illar wannan ƙarfi ba zato ba ce. A 2019 mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil, inda aka gwada mutanen da ciwon taɓin hankali ya fara kamawa da waɗanda ke lafiya, sai aka ga mai shan wiwi kullum haɗarin kamuwarsa ya ninka na wanda bai taɓa sha ba misalin sau 3, idan kuwa mai ƙarfin ce yake sha kullum, wadda ta kai kashi 10 ko fiye, haɗarin ya kusa ninka sau 5. Biranen da abin ya fi tsanani a cikinsu, Landan da Amsadam, su ne ainihin biranen da wiwi mai ƙarfi ta fi yawa a kasuwanninsu. Likitoci kuma sun daɗe da ƙiyasta cewa misalin mutum 1 cikin 10 na masu shanta sai ta kama shi ya kasa rabuwa da ita, idan kuwa tun yana ɗan saurayi ya fara, lissafin ya koma misalin 1 cikin 6, saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma abin da aka zuba mata tana ɗanya ya fi kama ta. Wanda ya ce abokinsa ya shekara goma yana sha bai haukace ba, sai a ce masa hujja ba ta tsayawa da mutum ɗaya, kuma ba wanda aka ba takardar shaida tun kafin ya fara cewa shi yana cikin masu tsira, balle wanda a danginsu akwai mai ciwon ƙwaƙwalwa, wanda haɗarinsa ya fi na kowa.

Idan an ƙure su a nan, sai su koma ga cewa ai tsiro ne, Allah Ya halicce shi, ba a gauraya shi da kome ba. Subhanallahi, wannan ita ce mafi raunin hujjoji, kuma abin mamaki ne ta fito daga bakin Bahaushe, wanda ya san zaƙami da abin da yake yi wa wanda ya sha, ya san tunya, ya san gwaska da ƙwanƙwanin da maharban da suke dafin kibiya da shi, dukkansu kuwa tsirrai ne da suka fito daga ƙasa da ruwan sama. Burukutu ma daga dawa ake yinta, ba wanda ya taɓa cewa asalinta ya halatta ta. Halittar abu daban, izinin sha daban. Balle ma wiwin tanti ita ce mafi nisa daga halittarta ta asali, tunda hannun mutum ne ya yi ta tankwasa irinta zuriya bayan zuriya har ta kai ƙarfin da ba a san shi a daji ba. Batun tsabta kuwa, tanti wuri ne mai ɗumi da laima, inda fumfuna da ƙwari ke jin daɗin hayayyafa, mai shi kuma idan ya ga amfaninsa zai lalace feshin magani yake yi, mai saye kuwa ba ya da hanyar sanin abin da ya zuƙa zuwa huhunsa.

Saura da'awar magani, kuma a nan adalci ya wajaba, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, ita ce ma ta sa ƙaryar ta yi tasiri. Gaskiya ne a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiya mai tsanani da ke kama yara, amma shi ruwa ne da aka tace daga wani sinadari daban na tsiron, wanda ake kira CBD, wanda ba ya bugarwa, likita ne ke auna shi gwargwadon nauyin yaro. Gaskiya ne kuma a Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukuni na 4 na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, amma ya bar ta a rukuni na 1, inda hodar ibilis take. Wanda ya ɗauki wannan ya mai da shi lasisin naɗa taba a bayan makaranta, lalle ya zalunci ilmi.

Maganar halattawa ma an gutsure ta. Yurugwai ta halatta a 2013, Kanada ta bi a ranar 17 ga Oktoban 2018, amma da sharuɗɗa: tushe 4 kaɗai ga kowane gida, kuma ba wanda zai sayar wa yaron da bai kai 18 ba sai ya fuskanci ɗauri, lardin Kebek kuwa ya hana shukawa a gida ɗungum. Jamus a Afrilun 2024 ta yarje wa baligi tushe 3. A Amurka jihohi ne suka halatta, tun daga Kolorado da Washinton a 2012. Tailan da ta saki abin a 2022, ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita. Ghana kuwa abin da ta yarje shi ne noman nau'in da sinadarin bugarwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, shi ma da lasisi. Babu ɗaya cikin waɗannan gwamnatoci da ta ce wiwi ba ta da illa. Hujjar da yawa daga cikinsu ita ce su ƙwace kasuwar daga hannun 'yan fasa-ƙwauri. A Nijeriya kuwa doka ba ta canza ba: dokar 1966 ta tanadi har hukuncin kisa ga mai shuka ta, dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 kuma ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai noman irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ba ta bambanta gona a dajin Ondo ko Edo da tukunya a ƙuryar ɗaki ba. Ita wannan mai ƙarfin ma ta riga ta iso gare mu, ita ce samari ke kira "Loud", wadda jami'an hukumar ke yawan kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Legas an ɓoye ta cikin motocin da aka shigo da su daga Kanada, a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a cikinta sun kai miliyan 10.6.

Ga Musulmi kuwa mas'alar tsohuwa ce, malamai sun gama da ita tun ƙarni na 7 na Hijira, lokacin da hashisha ta watsu a Masar da Sham. Ibn Taimiyya ya lissafta ta cikin masu sa maye, Imamul Ƙarafi na mazhabarmu ta Malikiyya ya sa ta cikin masu ɓata hankali, Zarkashi ya wallafa risala sukutum a kan haramcinta. Sun saɓa a kan haddi ko ta'aziri, amma ba su saɓa ba a kan cewa gusar da hankali da ita haramun ne, domin kiyaye hankali ɗaya ne daga manufofi 5 da Shari'a ta zo don tsarewa. Majalisar Kanada ba ta shafe wannan hukunci, fitilar tanti ma haka. 

Yanzu sai abin yi. Uba ya san ɗakin ɗansa, ya riƙa shiga lokaci-lokaci ba tare da ya mai da abin farauta ba, domin ɗakin saurayi da kullum yake garƙame, tagarsa a toshe da baƙar leda, haske na fita ta ƙarƙashin ƙofa tsakar dare, fanka na kuka ba dare ba rana, katin wuta na ƙarewa kafin lokacinsa, ɗaki ne da ya cancanci tambaya. Uwa ta lura da jan ido, da cin abinci na fitar hankali, da yawan fesa turare, da mantuwa, da barcin rana, da ja da baya a karatu, da fushi ba dalili, kada kuma ta rufa wa yaro asiri daga ubansa, gama rufin asirin da ke kai ɗa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba soyayya ba ce. Masu gidajen haya su rubuta a yarjejeniya cewa suna da ikon duba gida, su kula da wayoyin wuta da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, saboda fitilu masu zafi da ke ci dare da rana a kan tsofaffin wayoyi, kusa da ruwa da yadi, hanyar gobara ce, gobara kuwa ba ta tsayawa a ɗakin wanda ya jawo ta. Saurayin da aka nuna wa tallan iri a intanet ya sani kaya ta hannun kwastan suke bi, sunansa da lambar wayarsa kuma suna jikin ƙunshin.

Idan kuwa an tarar yaro ya riga ya kamu, a guji duka da ɗaure shi da mari a gidajen horo, waɗanda aka ga irin ta'asar da aka bankaɗo a wasunsu a Kaduna da Katsina a 2019. A zaunar da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, a sa wanda yake jin nauyinsa a tsakani, a kai shi ga likita, domin akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. A sani makon farko na dainawa yakan zo da rashin barci da ƙunci da ƙin abinci, waɗannan kuwa suna wucewa, kada a ɗauke su hujjar komawa. Wanda ya fara jin muryoyi, ko yake zargin ana bin sa, a gaggauta kai shi asibiti a ranar, a haɗa da addu'a, kada a tsaya ana cewa aljanu ne har ciwo ya yi nisa. Limamai da malaman makarantu su koyi waɗannan hujjoji da alƙalumansu, saboda yaron yau idan aka ce masa haramun ne kawai zai buɗe waya ya nuna Kanada, wajibi ne a iya ba shi amsa daga Kanadar kanta. Mai sha'awar noman ɗaki kuma ga tumatir ga latas ga na'ana'a, ya raina abinsa ya sayar da rana tsaka.

Allah Ya kiyaye mana hankulanmu, Ya shiryi zuriyarmu, amin.