Gane Nau'in Injin Mota Ɗan Beljiyam Kafin a Saya

A garin Toranke da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Ajingi, motar haya ita ce jarin iyalai da dama, domin da ita ake kai amfanin gona da fasinjoji Gaya da Wudil har zuwa birnin Kano. Idan injin irin wannan mota ya buga, da wuya mai ita ya nemi sabo fil, sai dai ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ya nemi ɗan Beljiyam, wato injin da aka cire daga motar da ta yi aiki a Turai ko Amurka ko Japan, aka shigo da shi ta Legas ko Kwatano. Kuskuren da ya fi yawa a wannan ciniki shi ne neman inji da sunan mota kawai, alhali kamfani ɗaya yakan ɗora wa mota guda injina iri-iri, gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka yi ta dominta.

Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, ta ishi misali. Akwai mai lita 1.4 da 1.6 da 1.8 da 2.0, kuma abin da ake nufi da lita a nan shi ne jimillar girman cikin silindoji, ba yawan man da tanki ke ɗauka ba. Ko a cikin masu lita 1.8 ɗin ma, injin da ke ɗauke da haruffan AAM ƙarfin doki 75 gare shi, yayin da ABS da ADZ ke da 90, ga shi kuma a ido kusan babu bambanci. Haka lamarin yake ga Toyota Corolla, inda 1ZZ mai lita 1.8 ya fi zuwa daga Amurka, 3ZZ mai 1.6 da 4ZZ mai 1.4 kuwa daga Turai, dukansu da faɗin silinda ɗaya, sai dai tsawon tafiyar fistan ya bambanta. Direban da ya biya kuɗin 1ZZ aka ba shi 4ZZ ba zai farga ba sai ranar da ya yi lodin buhunan gero motar ta kasa ja, lokacin da zai tabbatar cewa kama da wane ba ta wane.

Saboda haka abin dogaro shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin bulok, wato gangar jikin injin da silindoji ke ciki, ba rubutun da ke kan murfi ba, tunda murfi ana iya kwance shi a ɗaura wa wani. Kafin a bar gida ya kamata a goge wurin a tsohon injin, a rubuta lambar, a kuma ɗauki hotonta da waya. Motocin Volkswagen suna da wata takarda manne a but, kusa da mazaunin safayar taya, wadda ke nuna haruffan injin da motar ta fito da shi. Lambar shasi ma, mai haruffa da alƙaluma 17, tana taimakawa: a motocin da aka ƙera don Amurka na goma yana nuna shekarar samfuri, a Peugeot kuma na shida zuwa na takwas su ne nau'in inji, shi ya sa a 406 ake bambanta RFV na tsohon tsari da RFN na wanda ya biyo baya, ko da yake duka lita 2.0 ne.

Dacewar lamba ba ta wadatar ba sai an kwatanta abubuwan da ke haɗa inji da sauran mota. Injin zamani yana aiki ne da umarnin birenbos, ƙaramar kwamfutar da ke auna mai da iska da lokacin tashin wuta, kuma idan soket ɗin wayoyinta bai dace da na'urorin da ke jikin injin ba, sai an yi yanke-yanken waya wanda kan jawo shan mai da yawan mutuwar inji a hanya. Injin 1ZZ na Corollar Amurka ta 1998 da 1999 ba shi da tsarin VVT-i mai daidaita buɗewar bawul, na 2000 zuwa sama yana da shi, ga kuma wanda toturinsa na igiya ne da wanda na lantarki ne. Wajibi ne kuma a tabbatar ko an ciro injin daga mota mai giyar hannu ne ko atomatik.

Daga nan sai duba lafiyarsa. Baƙin mai da ya koma fari-fari a ƙarƙashin murfi alama ce ta ruwa ya shiga, galibi saboda gasket ya ƙone. Filogin da ya jiƙe da mai yana nuna ringi ya cinye. Sabon gam a mahaɗa da nocin da sifana ta ci suna nuna an taɓa buɗe shi. Ƙarfen gaba da ya ƙi juyawa da hannu kuwa yana nufin injin ya kame. Injin da aka wanke fes ya fi buƙatar bincike, domin wanki yana ɓoye yoyo.

Mutumin Toranke yana da ƙarin dalilin yin hattara, tunda mayar da inji Kano na nufin sabon kuɗin mota da na makanike da asarar kwanakin aiki. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, amma haƙƙi ba ya tsayawa sai da shaida. Don haka a tafi da makaniken da zai ɗaura injin, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaidu, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, wanda zai kare mai mota daga zargin sayen kayan sata, kuma da shi za a gyara takardun motar a ofishin lasisi.